FILIN ALLO DA ALLI: Eriya A Kan Mota, Da Gasar Da Ake Ci Daga Ƙasarmu

A wannan wata za mu ɗan jingine maganar jarrabawa da kuɗin makaranta, domin wata tambaya da aka yi mana a bakin titi ta hana mu sakat, kuma mun yi alkawarin za mu ba da amsarta a rubuce.

Wata ranar Asabar muna tafe a Adum, daidai wajen babban gidan waya, sai muka yi kiciɓis da wani tsohon ɗalibinmu wanda yanzu yake aikin wayarin mota a Magazin ta Suame. Muna cikin gaisawa sai ga wata farar Land Cruiser ta wata ƙungiyar agaji ta tsaya. A kan bambarta ta gaba an dasa wani baƙin abu mai kauri kamar taɓarya, a samansa kuma ga wata doguwar tsumagiyar ƙarfe tana lilo. Yaron ya ce, "Malam, don Allah wannan abin mene ne aikinsa? An taɓa kawo mana irin motar nan gareji, maigidana ya ce kada wanda ya taɓa shi, wai da shi ake magana da Turai ba tare da layin waya ba. Gaskiya ne, ko kuwa irin labarin gareji ne?" Muka ce masa maigidanka bai yi ƙarya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, mu me ya hana mu?"

Abin da ya gani eriya ce ta rediyon gajeren zango, irin wadda kamfanin Codan na ƙasar Ostareliya ya yi suna wajen ƙerawa, wadda ma'aikatan agaji da na Majalisar Ɗinkin Duniya suke dogaro da ita idan sun nausa inda babu sabis. Mu kuwa Hausawa ba baƙin gajeren zango ba ne. Tun ranar 13 ga Maris 1957, mako guda cif bayan Ghana ta sami mulkin kai, BBC ta fara magana da Hausa, daga baya Jamus da Amurka suka biyo sahu. Duk wanda ya tashi a Zongo ko Aboabo ko Asawase ya san dattijon nan mai rediyo a kunne, ya zaro eriya har ƙarshe, yana murɗa allura tsakanin mita 16 da 19 da 25, in murya ta ƙi fita ya ɗaura guntuwar waya ya jefa kan kwano. Sai dai duk tsawon shekarun nan kunne kawai muka bayar. Kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa a tsakankanin waɗannan tashoshi akwai wasu gurabe da dokar duniya ta keɓe wa talakawa, su ma su yi magana.

Waɗannan mutane su ne za mu kira 'yan sha'awar rediyo. Ba 'yan jarida ba ne, ba kuma ma'aikatan gwamnati ba. Mutum ne zai yi karatu, ya nuna wa hukumar ƙasarsa ya san abin da yake yi, a ba shi lasisi da lambar kira tasa shi kaɗai a duniya. Harufan farko na lambar su ke nuna ƙasa: Ghana 9G, Nijeriya 5N, Nijar 5U, Togo 5V, Burkina Faso XT. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1, kuma yakan zauna ya yi hira da makaniki ko malamin makaranta daga wata nahiya ba tare da fadawa ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Faris tun 1925. An hana su kasuwanci a kan iska, an hana su kiɗa da watsa shirye-shirye, an kuma hana su magana a dunƙule don ɓoye ma'ana. Saboda haka alhazanmu na goro su yi haƙuri, ba za a tambayi farashin huhu a Legas ta wannan hanya ba.

To ina maganar gasa ta shigo? Mafi girma cikin gasanninsu ita ce CQ World Wide, wadda wata mujallar Amurka mai suna CQ ta kafa a 1948. Ana yin ta sau biyu a shekara: ta murya a Asabar da Lahadin ƙarshe na Oktoba, ta ƙwanƙwasar Morse kuma a irin wannan lokaci cikin Nuwamba. Awa 48 ake yi ba tsayawa, daga ƙarfe 12 na daren Juma'a agogon GMT, wanda shi ne agogonmu a nan, ba sai mun yi lissafi ba. Ba hira ake yi ba. Ka kira, wani ya amsa, ka gaya masa ƙarfin muryarsa da lambar shiyyarka, ya gaya maka tasa, a rubuta, a wuce. An kasa duniya shiyya 40, mu da Nijeriya da Nijar da maƙwabtanmu muna shiyya ta 35. Idan ka sami wanda yake wata nahiya kana da maki 3, wanda kuke nahiya ɗaya amma ƙasa dabam maki 1, ɗan ƙasarku kuwa babu maki. A ƙarshe sai a ninka makinka da yawan ƙasashe da shiyyoyin da ka tara.

Mai karatu ya ɗan tsaya ya dubi wannan lissafi da idon ɗan kasuwa. Bajamushe idan ya kira Bafaranshe maki 1 zai samu. Mutumin Kumasi idan ya kira kowane ɗaya daga cikinsu maki 3 ne, ga Turai cike maƙil da masu rediyo, ga ta kusan saitin arewa da mu, ga kuma Amurka ta Arewa da ta Kudu a hayin teku babu dutsen da ya tare. Bugu da ƙari, da yake masu amsa lambar 9G ba su da yawa, kowa rububin samunmu yake yi don ya ƙara ƙasa a lissafinsa. Wato dai muna zaune a kan rumfa mafi kyau a kasuwa ba mu sani ba.

Amma wasu sun sani. Wata ƙungiyar Turawan Ingila da Amurkawa da ke kiran kanta VooDoo Contest Group ta shiga gasar Nuwamba daga Ankara, babban birninmu, a 1994 da lambar 9G5AA. Suka yi Benin a 1995, suka yi Togo, suka dawo Ghana a 1999 da 2000, suka haura Wagadugu a 2001 da 2002, suka yi Yamai a 2003 da 2004 da lambar 5U5Z, daga nan Mali, Gini, Saliyo da Laberiya. Kayansu na ƙarafa da wayoyi a nan yankin suke ajiye su, su loda a mota su ƙetara iyaka da su, kamar dai yadda kakanninmu fatake suka riƙa yi da jakuna tsakanin Kano da Salaga. A cikin awa 48 sukan yi magana da tashoshi fiye da dubu goma, kuma sun zo na ɗaya a duniya ba sau ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu, Roger Western, har littafi ya rubuta a kan wannan yawo. Ba mu ga laifinsu ba ko kaɗan, da izinin hukuma suka zo. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, a duk garuruwan nan akwai zango, akwai yaranmu masu walda da wayarin, kuma iyakar abin da ya haɗa mu da wannan harka shi ne kallo.

Wani zai ce ai ba mu da fili. Gaskiya ne. Eriyar mita 40 ta gida tana son waya mai tsawon mita 20 a miƙe a sama. A gidan haya na Zongo mai ɗaki goma sha biyu, inda igiyar shanya ma sai an yi sulhu a kanta, wane maigida ne zai yarda ka kafa masa sanduna a kan rufi? Ko ya yarda, akwai wata matsalar da ba a gani da ido. Cajar waya ta arha, ƙwan fitila na zamani, inbata da talabijin, kowannensu yana fitar da ƙara a kan gajeren zango. Wanda ya gwada kama tasha a tsakiyar Aboabo da daddare ya san wannan shuuu ɗin da ke danne komai. Shi ya sa muka ce wa ɗalibin namu, ga ɗan Zongo mota ita ce filinsa. Ba ta buƙatar izinin maigida, tana ɗauke da batirinta, kuma za ka iya tuƙa ta ka bar ƙarar gari a bayanka. Motoci da direbobi da masu gyaransu kuwa, in dai a Kumasi ne, ba mu da ƙarancinsu.

A Amurka har rukuni na musamman aka ware wa masu yawo da mota a wasu gasanni. An raba taswirar duniya gida-gida bisa wani tsari da aka amince da shi a garin Maidenhead na Ingila a 1980, kowane gida digiri 1 daga kudu zuwa arewa, wato kimanin kilomita 111, da digiri 2 daga yamma zuwa gabas. Mai mota idan ya shiga sabon gida sai ya zama kamar sabuwar tasha, a sake kiransa. Mun zauna da 'yan ajinmu da taswira mun lissafa: Kumasi tana gidan IJ96, Techiman IJ97, Kintampo IJ98, Tamale IJ99, Bolgatanga IK90. Direban da ya tashi daga nan zuwa Bolga ya ratsa gida biyar ke nan a wuni ɗaya. Ita CQ World Wide ba ta yarda da yawo ba, wuri ɗaya ake tsayawa, amma babu abin da ya hana wurin nan ya zama mota a kan tudu.

Yanzu sai mu zo kan aikin kansa, kuma a nan muna roƙon mai karatu ya ɗauko fensir. Wannan "mita 19" da ke rubuce a fuskar rediyon Baba ba suna ba ne kawai, tsawon igiyar rediyon ne na gaske, wanda da ana ganinta da an auna da tef. Igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan ka raba 300 da lambar megahaz, sai ka sami tsawonta da mita. Eriyar tsaye mafi sauƙi tana son rubu'in wannan tsawo, a ɗan rage kaɗan saboda halin ƙarfe. A taƙaice, raba 71 da megahaz. A kan megahaz 145 za ka sami santimita 49. A kan 28 mita biyu da rabi. A kan 21 kimanin mita 3.4. A kan 14 mita 5. A kan 7 kuwa mita 10, wato tsawon bene mai hawa uku. Babu motar da za ta ratsa Kejetia da wannan a kanta.

Dabarar da ake yi ita ce a gajarta sandar a cike giɓin da naɗin waya, abin da makanikai ke kira kwayil. Wannan baƙar taɓarya da muka gani a Adum, abin da ke cikinta ke nan, da ɗan injin da ke daidaita shi. Wani Ba'amurke mai suna Don Johnson ya shahara da irin wannan eriya da ya haɗa da injin sukudireba mai batir, yana zaune a kujerar direba yana ƙara naɗin ko ya rage. Sai dai kwayil ba kyauta yake aiki ba, yana cin ladansa. Iya gajartar sanda, iya yawan ƙarfin da ke zama zafi maimakon ya tashi sama. A kan mita 80, gajerar eriyar mota kashi kaɗan cikin ɗari na ƙarfin rediyon take fitarwa, sauran duk asara. Don haka shawararmu ga mai farawa ita ce ya tsaya a mita 10 da 15 da 20, inda sanda ke kusa da cikakken tsawonta. An kuma yi dace, waɗannan su ne ke buɗewa da rana, mita 40 da 80 sai dare. Idan dole sai an sa kwayil, a yi shi da waya mai kauri, naɗin ya zama mai faɗi, a ɗaga shi tsakiyar sanda, kuma lallai ya haura saman rufin mota. Kwayil da aka maƙale a jikin ƙarfen but bai san inda ya dosa ba.

Ga kuma abin da yawancin mutane ba su sani ba, wanda a ganinmu shi ne zuciyar maganar. Sandar da ake gani rabin eriya ce. Ɗaya rabin jikin motar ne. Idan jikin bai zama ƙarfe ɗaya a wajen lantarki ba, ko da zinariya aka yi sandar aikin banza ne. Mota kuwa a ido ne take dunƙule. Ƙofofi a kan hinji mai giris suke, bonet haka, salansa a kan roba take rataye, bodin a-kori-kura ma a kan roba yake zaune. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an haɗa da gajerun saƙaƙƙun wayoyin jan ƙarfe masu faɗi, irin na as ɗin batir, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, sannan a shafa giris a kai saboda tsatsa. Wannan aiki yana rage ƙarar fulogi da ta injin caji da ke shiga rediyo, yana kuma kare ƙwaƙwalwar motocin zamani daga ruɗewa idan an danna maɓallin magana. Mota mai faɗin ƙarfe ta fi, shi ya sa bas ta fi tasi. Wani ɗalibi ya tambaye mu ko za a iya yi a kan pragya. Muka ce ana iyawa, kamar yadda ake iya yin noma da cokali.

Wajen dasawa, tsakiyar rufi ya fi ko'ina, kuma ga 'yar ƙaramar sanda ta santimita 49 gindin maganaɗisu ya wadatar. Amma doguwar sanda ba a amince wa maganaɗisu da ita, iskar hanya za ta fizge ta ta jefa wa na baya. Ita sai gindin ƙarfe mai kauri da aka ɗaure da noti a ƙashin mota, da sifirin a ƙasanta don ta lanƙwasa in ta daki wani abu. Tun ranar 4 ga Agusta 1974 hannun dama muke bi a ƙasar nan, ke nan rassan itatuwa da rumfunan 'yan kasuwa suna gefen dama, sai a dasa ta a baya ta gefen hagu, gefen direba. Wayar da ke haɗa rediyo da eriya mai om 50 ake so, irin su RG-58. Idan ka je Adum PZ ka ce wayar eriya, ta dish za a miƙo maka, ita kuwa om 75 ce. Don saurare ba laifi, amma a san bambancin. Wutar rediyo kuma daga kan batir kai tsaye ake jawo ta da waya mai kauri, da fis dab da batirin. Rediyo mai wat 100 yana jan kusan amfiya 20 in ana magana, ramin kunna taba ba zai ɗauka ba, narkewa zai yi. Mai hankali yakan tafi da batir na biyu, don kada a gama gasa a koma neman masu turi a dajin Allah.

Daga nan sai daidaitawa. Ana yanke sanda da ɗan tsawo fiye da lissafi, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana aunawa, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Abin da ake aunawa shi ake kira SWR, wato yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta mayar wa rediyo. In awon bai wuce 2 ba ana iya aiki, in ya sauko 1.5 madalla. Da can sai mai lasisi ke iya wannan awo, don sai an aika igiya. Yanzu akwai wata 'yar na'ura kamar tafin hannu, NanoVNA, wadda ke nuna maka a allo inda sandarka ta dace. A yi awon a fili, ƙofofi a rufe, ba wanda ya jingina da mota.

Gani ya kori ji. A ƙarshen Oktoban bara muka ari a-kori-kurar wani surukinmu, muka ɗauki yara huɗu da izinin iyayensu, da wannan tsohon ɗalibi namu. Ba mu da lasisi, saboda haka saurare kawai muka je yi, da ɗan rediyon Tecsun mai maɓallin SSB. Wannan maɓalli dole ne, in babu shi muryar 'yan sha'awa kamar kukan agwagwa za ka ji ta. Sandarmu bututun alminiyam ne guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, mita 3.4. Kuskuren farko namu ne. Mun kai wa mai walda aikin gindi ba mu yi masa cikakken bayani ba, shi kuma bawan Allah don ya kyautata mana sai ya like mazaunin sandar da jikin gindin, ya ce ko giwa ta ja ba zai cire ba. Alhali kuwa sanda ba ta taɓa jikin mota, tsakiyar waya ce ke zuwa gare ta, saƙar bayan waya ita ke zuwa jiki. Sai da aka yanke aka sa guntun roba mai kauri a tsakani. Na biyu, an shafe gindin da baƙin fenti ya yi kyau abin sha'awa, har wurin da ya kamata ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ɗalibinmu ne ya ɗora mitarsa ya gano, ya ce, "Malam, as ɗin nan bai kama ba." Abin da muka yi shekaru muna zanawa a allo, shi a hannunsa yake.

Da farko mun yi niyyar zuwa tafkin Bosumtwi don yara su sha iska, sai muka tuna tafkin a cikin kwari yake, tsaunuka sun kewaye shi kamar akushi. Igiyar da ke zuwa daga nesa a kwance-kwance take saukowa, bayan ta daki wani rufin iska mai lantarki da ke can sama, kimanin kilomita 300, ta dawo ƙasa. Daga Turai zuwa nan tsalle biyu take yi. Ke nan tudu ake so, ko bakin teku, domin ruwan gishiri yana taimakon eriyar tsaye ƙwarai, mutanen Elmina da Ada sun fi mu sa'a a nan. Sai muka bi hanyar Mampong muka sami wani buɗaɗɗen wuri a kan tudu. Muna kashe inji, muka ɗaura sanda, muka murɗa zuwa megahaz 21, sai ga duniya ta cika mota: Italiya, Sifen, Jamus, can da la'asar sai Barazil da Amurka. Wata yarinya 'yar aji biyu, wadda ba ta cika magana a aji ba, ita ta riƙe littafi, kafin mu tashi ta cika shafi uku da lambobin kira, tana gane ƙasa daga harufan farko. Mun tsaya mun yi sallar azahar da la'asar, muka dawo muka tarar ana nan ana fafatawa. Ba mu ji 9G ko ɗaya ba. Don adalci, a kan wannan mita igiyar na kusa da kai takan tsallake ka ta wuce, ko da yana magana ba lallai ka ji shi ba. Amma yaran sun lura, kuma sun tambaya.

Akwai gargaɗin da ba za mu yi wasa da shi ba, don maganar rai ce. Doguwar sanda ba a tafiya da ita a tsaye cikin gari. A kwance ta a ɗaure, sai an isa a ɗaga. Kafin a ɗaga kuma a daga kai a dubi sama. Wayoyin wuta na kan hanyoyinmu akwai masu ɗauke da dubu 11, akwai masu dubu 33, kuma irin waɗannan ba sai an taɓa su ba, kusantarsu da ƙarfe ya isa ya kashe mutum. Ƙarshen Oktoba a Asante ruwa bai gama ɗaukewa ba, da an ji tsawa a sauke sanda a shiga mota. Mai aikawa kada ya bar yara su kama eriya, tana ƙuna. Kada a danna maɓallin magana a gidan mai, kada a zauna cikin mota gilashi a rufe inji yana aiki, kuma direba aikinsa tuƙi, ba riƙon makirfo ba.

Sai maganar hukuma, wadda ta fi shafarmu fiye da sauran jama'a. A hanyar dawowa an tsayar da mu a wani shinge. Ma'aikacin ya ga bututu da wayoyi, ya tambaya, kuma aikinsa ya yi. Muka nuna masa takardar shugaban makarantarmu da katinmu na ɗan ƙasa, ya ga rediyon na saurare ne, har ya sa kunne ya ji wani Bature yana jero lambobi, ya yi dariya ya sallame mu. To amma a ce babu takardar fa? Mota cike da 'yan Zongo, da doguwar eriya, a lokacin da hankalin jami'an tsaro yake kan iyakar arewa saboda abin da ke faruwa a Burkina Faso. Dattawanmu da suka ga korar baƙi ta 1969 sun san yadda rashin takarda ke mayar da ɗan gida baƙo a dare ɗaya. Ba ma mu ba, a ƙarshen 1994 Dakta Charles Wereko-Brobby ya buɗe tashar Radio Eye a Ankara ba da izinin hukumar rabon mita ba, cikin 'yan makonni aka kwashe kayan. In an yi wa mai wannan suna haka, ina ga ɗan wayarin na Magazin? Tun 1996 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ita ke da iko a kan iska, kuma tana da ofis a nan Kumasi. Kada wanda ya sayi na'urar aikawa, ko oba-oba ce ta kasuwa, sai ya je can ya ji sharuɗɗa daga bakinsu. In lasisi ya fito, kwafinsa ya zauna a mota tare da takardun inshora.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, domin an riga an faɗa mana a masallaci: wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, ga waya a aljihun kowa. Rabin maganar gaskiya ce, na'urar aikawa tana da tsada, malamin makaranta ba zai saye ta da albashin wata ba. Amma guda ɗaya ta ishi ƙungiya, kuma eriya, wadda ita ce ke raba mai ji da marar ji, da tarkacen Magazin ake haɗa ta. Game da wayar aljihu kuwa, muna tuna wa jama'a ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen gaɓar Kwaddebuwa, aka yi kwanaki ana ɗaga waya sama ana neman sabis, bankuna suna ba da haƙuri. A 2017 da guguwar Maria ta rushe turakun sadarwa a tsibirin Puerto Rico, 'yan sha'awar rediyo na cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙon asibitoci da masu agaji. Mota mai batir da sanda ba ta jiran kowa ya gyara waya a ƙarƙashin teku.

Wanda yake son ya ɗanɗana kafin ya kashe ko sidi ɗaya, Jami'ar Twente ta ƙasar Holan ta sa rediyonta a intanet kyauta, a nemi WebSDR, a murɗa tsakanin 14.150 da 14.350 ranar Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba. Mu kuma in Allah ya kai mu za mu sake hawa tudun nan, wannan karo da sandar mita 5 don mu gwada mita 20. Ɗalibinmu ya ɗauki alkawarin zuwa ofishin NCA ya karɓo bayanin lasisi, za mu kawo muku abin da aka gaya masa a wannan fili. Abin da muke nema yanzu shi ne aron mota mai kujeru, don yara goma sha ɗaya suka rubuta suna, da kuma sifirin mai ƙarfi na gindin sanda. Wanda yake da ɗaya daga ciki ya bar saƙo wurin Edita.